Baba Sifana da Baƙon Ƙarƙashin Dutse

Babanmu mai gyaran famfo ne, shi ya sa 'yan layinmu suke kiransa Baba Sifana. Bai iya ganin abu ya ƙyale ba. In ya je gaisuwa ya ji famfon gidan na ɗiga, kafin a kawo masa ruwan sha ya kwance shi. Da ya ajiye aiki muka ce alhamdu lillahi, za a huta. Ina! Sai ga shi da tankin gilashi mai tsawon doguwar kujera. Ya kori talabijin daga falo, ya cika tankin da ruwan gishiri da duwatsun teku da kifaye masu kalar atamfa.

Mama ta ce, "Malam, sa'o'inka kaji suke kiwo ana cin ƙwai. Kai ruwa ka ga ya dace ka kiwata?"

Ya ce, "Ke dai zuba ido."

Wata rana yana juya wani dutse, don ba ya barin dutse ya kwana biyu a wuri guda, sai ya ga wani abu manne a ƙarƙashinsa, mai launin ruwan lemo, kamar tarin ƙananan bututu da aka toshe bakinsu. Ya ɗauki hoto ya kai wa mai shagon kifi. Mai shago ya ce murjani ne mai rai, dabbar teku da ke zama wuri ɗaya kamar tsiro, amma wane iri ne, sai ya buɗe za a gane. In kuma ya daɗe bai buɗe ya ci abinci ba, mutuwa zai yi.

Baba ya raɗa masa suna Baƙo, ya kuma ɗaura ɗamara. "Ni da ban taɓa tafiya na bar bututu a toshe ba? Wa ma zai buɗe baki a wannan lungu mai duhu?" Ya ɗauko shi ya ɗora a dutsen sama, daidai ƙarƙashin fitila. Shiru. Ya ƙaro fitila. Ya karkato masa injin tura ruwa. Yau ya mai da shi dama, gobe hagu, jibi ya bi shi da sirinji cike da niƙaƙƙen jatan lande, yana lallashi kamar mai ba yaro magani. Baƙo sai ƙara ƙanƙamewa yake, launinsa na dushewa, farin ƙashinsa ya fara leƙowa. Baba ma ya rame, abinci sai an yi da gaske.

Mama ta ce, "Ni da na yi zazzaɓi bara, ban ga rabin wannan jinya ba."

Ana cikin haka aka yi wa Baba aikin yanar ido. Likita ya hana shi sunkuyawa da wasa da ruwa, Yayanmu kuma ya riƙe shi a gidansa, don ya san halin kayansa. Ni 'yar auta aka bar wa tankin, da umarni ya fi cikin kwando. To ni tun da wani kifi ya taɓa cizona na rantse ba ni ba tsoma hannu. Abincin kifi kawai nake watsawa in yi gaba. Rannan wani dodon koɗi ya bi ta kan Baƙo ya ture shi, ya gangara can bayan duwatsu inda ko haske ba ya kaiwa. Duk sanda Baba ya bugo waya ya tambaya, sai in ce, "Yana nan inda Allah ya ajiye shi." Ai ban yi ƙarya ba.

Ranar da ya dawo, ko takalmi bai cire ba ya nufi tankin da baƙin tabarau. Ya ga wayam. Tunda an hana shi sunkuyo, sai na zura madubin Mama ta bayan gilashin, ina shirin yi masa ta'aziyya.

Jama'a, Baƙo ya buɗe! Kowane bututu ya fito da 'yan yatsu masu launin rawaya, suna kaɗawa suna cafke burbushin abincin da ruwa ke kai musu lungun. Muka tura wa mai shago hoto. Nan take ya gane shi, ya ce irin wanda ke zama a bakin kogon teku ne, ba ya son haske, ba ya son a taɓa shi. A dinga sakar masa abinci kusa, a bar shi inda yake.

Baba ya juyo. "Auta, me kika yi masa?"

"Wallahi Baba ban yi komai ba."

"Komai komai?"

Mama ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta dubi fuskarsa, ta fasa. Ya daɗe yana kallon madubin, sannan ya ce, "Ashe ni ne ciwonsa." Wallahi sai ya ba ni tausayi, dariyar da na taro ta maƙale.

Yanzu kullum da hantsi yana jan kujera gaban tankin, ya zauna ya danne tafukansa a ƙarƙashin cinya. Jiya ina shara na ga hannun damansa ya zame ya nufi murfin tankin. Ya bi shi da kallo, ya ce a hankali, "Dawo, ba a neme ka ba."