Tafinta a Cikin Kwalla

Mun tashi da asuba, zakaru ma ba su gama gyaran murya ba, ni da jikana da wani ɗan akwatin ƙarfe mai ruwan toka wanda bai fi akushi girma ba. Ni ban yi boko ba. Ina faɗa ne, malamar makarantar garinmu tana rubutawa, don matan da ke ta sallama suna tambayar yadda tafiyar nan ta kasance su ji ta daga kai har ƙafa, ni kuma bakina ya huta.

Ga mafarin abin. Jikan nan nawa, ɗan babban ɗana, ya yi karatun injuna a Kano, wani banki ya ɗauke shi aikin gwaji na wata shida. Bankin ya kawo ƙananan injuna da ake zura wa kati a biya kuɗin kaya, ba sai mutum ya ɗauro dami a ƙugu ba. Aka ajiye ɗaya a reshen Haɗejiya, ta yi zaune kamar dutse, don babbar kwamfutar da ke Kano tsohuwa ce, ba ta jin yaren sababbin. Manya suka ce a kira masu kwangila daga Legas. Jikana ya miƙe ya ce a ba shi dama, akwai akwatin da zai shiga tsakani. Suka ce to, zuwa la'asar ɗin Alhamis. In injin ta yi magana an tabbatar masa da aiki, in ba ta yi ba ya nemi wani wurin. Ran Laraba motar banki ta biyo da shi ta Jahun, suka tarar ruwa ya cinye hanya, direba ya leƙa ya ce shi ba kifi ba ne, ya juya. Shi ne yaron ya faɗo gidana a kan babur, wandonsa duk taɓo, ya rungume akwati kamar jinjiri.

Na ce, “Angona, haka ake zuwa wurin amarya, ba ko goro?”

Ya ce, “Amarya, bari wasa. In ɗigon ruwa ya shiga abin nan, aikina ya tafi.”

To ni 'yar masunta ce, a bakin kogin nan aka yanke mini cibi. Na sauko da babbar kwallata mai murfi, na zuba ƙaiƙayin shinkafa a ƙasa, na naɗe akwatin da zanena na Juma'a, na sa, na ƙara ƙaiƙayi, na rufe, na ɗaure da tsumma ta gefe huɗu. Ya ce shi zai ɗauka. Na ce mutumin da ya saba da takalmi mai igiya bai san inda ake sa ƙafa a laka ba. Na naɗa gammo, na aza.

Kai, jama'a, fadama a bana! Daga bayan gari zuwa inda ido ya gaji ruwa ne shimfiɗe, shinkafa ta leƙo da kai kore shar, belbela fari fat a kan kowane tudu. Kirinjijiya na ta shewa a sama kamar 'yan kai amarya. Na shekara bakwai ban taka Haɗejiya ba, tun kafin a yanke mana jiha, sai na ji zuciyata na tsalle irin na yarinya ranar kasuwa. Muka ratsa ruwa iya gwiwa, ina gaba yana baya, yana ta cewa “Iya, a hankali,” alhali shi ne ya zame har sau biyu.

A bakin fito muka tarar da mutane jingim, da babura biyu da awaki da tulunan nono. Mai fito ya ce naira ashirin kan mutum, kaya goma. Ya ƙwanƙwasa kwallata ya tambayi abin da ke ciki, na ce tafinta ne. Ya dube ni, ya dubi jikana, ya ce Allah ya ba ni lafiya, bai karɓi na kayan ba.

Muna shiga sai rigima ta tashi. Wata dattijuwa Bamangiya, mai tallar bandar kifi, ba ta jin Hausa sosai, mai fito kuma ba ya jin Manganci ko na gaisuwa. Yana cewa ta matsar da kwandonta tsakiya kada jirgi ya karkata, ita ta ɗauka ƙarin kuɗi yake nema. Mahaifiyata Bamangiya ce, sai na shiga. Na gaishe ta da yarenta, fuskarta ta buɗe. Ta ce in gaya wa wannan mai kan tulu ba ta ƙara ko sisi. Na juya na ce masa, “Baba ta ce Allah ya yi maka albarka, ina za ta sa kwandon?” Shi kenan, aka zauna lafiya.

Jikana yana jin Manganci tsinta-tsinta, ya yi dariya har jirgi ya girgiza. Ya ce ai aikin akwatinsa ke nan. Baki biyu gare shi. Ƙaramar injin ta faɗi magana da yarenta, shi ya karɓa, ya zubar da abin da tsohuwar kwamfutar Kano ba ta so, ya ƙara abin da ta saba ji, ya jera mata yadda take ganewa, ya tura ta wayar tarho har Kano. In ta amsa, ya juyo da amsar. Na ce ashe abokin sana'ata na ɗauko. Na ƙara riƙe kwallar da kyau.

Fiton ya ɗauke mu fiye da yadda na sani a da, don ciyawar kacala ta toshe tsofaffin hanyoyin ruwa, ta yi tsayi ta fi mutum, sai an yi ta kewaye. Muka wuce wani ƙauye da ruwa ya shiga har gindin rumbuna, mata sun hau tudu suna daka, suna ɗago mana taɓarya. Wani manomi tsaye cikin ruwa iya ƙirji yana kaɗa gwangwani yana korar tsuntsayen jan-baki daga shinkafarsa. Bamangiyar nan ta ɓare tarwaɗa guda ta miƙo mini rabi da barkono, ban taɓa cin banda mai daɗinta ba, ko kuwa murna ce ta sa.

Muka sauka kusa da Auyo rana ta ɗaga. Man fetur ya yi wuya, ko'ina galan-galan ne a bakin hanya, masu babur suka ce hamsin-hamsin zuwa inda kwalta ta fara. Ban taɓa hawa babur ba sai ranar. Na zauna a karkace, hannu ɗaya a kan kwalla, ɗaya a wuyan rigar mai tuƙi, ina salati da ƙarfi. Da muka tsaya ya ce, “Hajiya, kin kusa shaƙe ni.” Na ce gara shi da tafinta. Daga nan muka sami a-kori-kura mai ɗauke da buhunan albasa, aka ba ni gaba saboda furfura, jikana ya hau kan buhu.

Haɗejiya ta sāke mini. Shaguna sun yi yawa, an ja wayoyi a sama kamar saƙar gizo, masu sayar da rake da gurasa sun cika tasha. Amma ban sami damar kallo ba, don an riga an kira azahar, yaron kuma sai duba agogo yake.

Bankin ɗaki ne dogo mai sanyi, fanka na juyawa. Manaja ya fito da tumbinsa, ya ga tsohuwa da kwalla a ka, ya ce ba a talla a nan. Jikana ya ce kayan aikin ne. Na sauke, na kwance, na buɗe, ga akwati a bushe ƙamas, sai dai ƙaiƙayi da ɗan ƙanshin daddawa. Wata ma'aikaciya mutuniyar Filato, da ɗan gicciye a wuya, ta tafa hannu ta ce, “Mama, ke ce injiniyar gaske!” Ta kawo mini kujera da ruwan sanyi. Akwai kuma dillalan shinkafa uku da manaja ya gayyato su ga gwajin, suna zaune sun harɗe ƙafa, sun zo kallon abin da ba su yarda da shi ba.

Jikana ya hure ƙaiƙayin, ya sa waya a baki ɗaya zuwa ƙaramar injin, ya sa wata a ɗaya bakin zuwa layin tarho. Fitilu suka kama, ja da kore, suna ƙifta ido. Ya zura kati, ya danna lambobi. Akwatin ya yi wani kuka siriri kamar gyare, ya yi shiru, jar fitila ta tsaya.

Ya sāke. Haka. Ya canza waya, ya sāke. Haka. Wuta ta ɗauke, aka tayar da janareto, ya sāke. Haka dai. Ɗaya daga dillalan ya ce, “Yaro, ko sai an yanka mata zakara?” Suka fashe da dariya. Manaja ya dubi agogon bango ya ce saura sa'a ɗaya ya buga wa Kano ya faɗi abin da ya gani. Na dubi jikana, gumi ya jiƙa masa baya.

Na jawo kujerata kusa. Na ce ya gaya mini da Hausa me ke faruwa. Ya ce akwatin na yin sallama, tsohuwar ba ta amsawa, sai ya katse.

Na ce, “Yana jira kamar yaya?”

“Daƙiƙa uku.”

“Nawa ke nan a numfashi?”

“Kamar biyu.”

Na ce, “Kai! Tsohuwa tana Kano, ka tsaya a Haɗejiya ka yi mata sallama, ka ba ta numfashi biyu? Ni da ke ɗaki ɗaya da kai, kafin in gane muryar wa ce, in lalubo takalmi, an yi nawa?”

Mutuniyar Filato ta ce gaskiyar Mama ne, da damina layin Kano sai ya yi ta ƙara, su kansu in sun buga sai sun maimaita magana sau uku kafin a ji. Sai jikana ya zaro wani littafi mai kauri, ya buɗe, ya kwance bayan akwatin, ya tura wasu 'yan maɓallai ƙanana da bakin biro. Ya ce ya ƙara masa haƙuri, ya kuma rage masa saurin baki. Ya ce dama ya yi tunanin haka. Na ce ƙarya yake, kowa ya ji.

Ya zura kati. Kukan gyare ya tashi. Na fara ƙirga numfashina a zuci. Uku. Biyar. Dillalai suka daina taunar goro. Bakwai. A na tara sai wani kuka ya amso daga can, mai kauri, a hankali, kamar tsohuwa na gyaran murya a bayan asabari. Koriyar fitila ta tsaya cak. Ƙaramar injin ta yi ƙirrr, ta turo 'yar farar takarda kamar harshe.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, a cikin banki, har mai gadi ya leƙo da sandarsa. Mutuniyar Filato ta rungume ni tana godiya ga Allah da irin nata bakin, ni ina yi da nawa. Dillalin zakara ya miƙe ya ce a sāke ya gani da idonsa, aka sāke sau huɗu, sau huɗu tana amsawa. Manaja ya ɗaga tarho, muna ji yana cewa, “Ranka ya daɗe, ta yi magana.” Da ya ajiye ya miƙa wa jikana hannu, ya ce an ce ya wuce Kano da safe ya karɓi takardar tabbatar da aiki, akwai wasu rassa biyar da ke jiransa. Yaron ya durƙusa a gabana, a gaban mutane, hawaye na zubo masa. Na ce ya tashi, angon da ke kuka ba ya burge amarya.

Muka ci dafa-duka da soyayyen karfasa a bayan tasha, na kwana gidan 'yar ƙanwata. Washegari ya raka ni har Auyo, ya sa ni a jirgi, ya juya ya kama hanyar Kano. Ruwa ya ɗan ja, iska na kaɗawa, ina ta ba mutanen jirgi labari, wasu sun yarda wasu na kallona.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ya zauna. Na ga ba a jefar da tsohon abu don sabo ya zo, sai a nemo mai tsayawa tsakani. Na kuma ga mai tsayawar nan, kome iya yarensa, in ba ya iya jira aikin banza yake.

Ina da yaya namiji a ƙarshen unguwarmu, shekara biyu ke nan ciwo ya taɓa masa rabin jiki, magana na fito masa da ƙyar. Na saba in leƙa in ce “ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi,” in wuce kafin ya haɗa baki, ina cewa a raina ba ya ganewa. Da na sauka daga jirgi ban nufi gida ba, can na nufa. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa na yi sallama, na kama bakina. Na ƙirga numfashi goma sha ɗaya. Sannan ya amsa, ya kira ni da sunan da mahaifiyarmu kaɗai ke kirana da shi, ya ce, “Shigo. Ina kika shiga kwana biyu?”

Na shimfiɗa tabarma na zauna. Ban tashi ba sai da aka kira la'asar.