Jaridar Damben Yaya Sule

Duk wanda ya san Yaya Sule, mai zanen allunan shaguna a Rano, ya san ba ya fita sai da almakashi a aljihu. Buhun siminti ne, kalanda ce, in dai ya hango harafi mai kyau, ƙyas! Ya yanke abinsa. Da haruffan yake manna kanun 'yar jaridarsa ta dambe mai shafi huɗu. Sauran ya rubuta da hannu, ya zana 'yan damben, ya kai fotokwafi.

Katin auren 'yata ma bai tsira ba. Na ce, "Yaya, ina sunan angon?"

Ya ce, "Ke ba kin san shi ba?"

Mai shagon fotokwafin ya taɓa ce masa, "Malam Sule, kawo in buga maka a kwamfuta mana, ya fi tsabta."

"Ta taɓa zuwa kallon dambe?"

"A'a."

"To ta yi mana shiru."

Wani ɗan dambe kuwa tun daga Nariya ya zo har gida yana huci, wai don me aka zana shi a kwance. Yaya ko ɗagowa bai yi ba. "A haka na same ka."

Ni dai tun da na shiga ajin yaƙi da jahilci, da jikokina da komai, burina ɗaya: rubutuna ya fito a jaridar nan, ko layi guda ne. Sau uku ina kai masa, sau uku yana cewa, "Hansai, wannan ai kaji ne suka yi tono." Na yi wata biyu ban aika masa tuwo ba. Ramewa ya yi, maganar ba ta sauya ba.

Da yanar ido ta ci ƙarfinsa sai ya aiko a kira ni. Babu wani ban haƙuri.

"Zauna. In faɗa, ki rubuta."

Kwana uku muna abu ɗaya, yana masifa ina ramawa. Da na gama ya kai takardar har bakin hancinsa, ya daɗe yana dubawa.

"Kai! Bai yi kyau ba."

Na yafa mayafina zan tafi.

"Tsaya mana, sarkin zuciya. Sa sunanki a ƙasa da manyan baƙi, kada a ce ni na yi."

Na sa. Ita ce fitowar jaridar ta ƙarshe, kafin damina ta faɗi ya rasu.

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka masa kabarinsa. Allah ya nuna masa abin da zai duba ya ce ya yi kyau.