Malamar da Na Samo a Ɗakin Jego

Ni ban taɓa zama a aji ba, wannan ma da baki nake faɗa ana rubuta mini. Amma a Unguwar Dosa, in an nemi abu an rasa, gidana ake zuwa. Telan da ba ya saɓa alkawari, mai yasar rijiya, gidan haya mai ruwa, duk na san inda suke. Shi ya sa ranar da babban ɗana ya ce wai duk faɗin Kaduna babu malamin da zai koya wa 'yarsa karatu, maganar ta tsaya mini a rai.

Yarinyar tun yaye take hannuna. 'Yar fari ce, uwarta na kunyarta, aka kawo mini ita da ɗan ƙunshin kayanta. Ko da aka yi wa ubanta canjin wurin aiki zuwa Abuja ya kwashe iyalinsa, ita bai taɓa ta ba. Ɗaki ɗaya muke kwana. Ita ke yi mini tsifa, ita ke nemo mini lamba a waya, ita ce kuma kaɗai a duniya ke ce mini "tsohuwa" in ƙyale ta.

Da ta kai ajin ƙarshe na sakandare sai ta ɗauki wani darasi mai zurfi, ilimin muhalli, wanda ba kowane ɗalibi ke ɗauka ba, jarrabawarsa ma daban ake yi. Na tambaye ta mene ne shi. Ta ce karatun ruwa ne da iska da ƙasa da itatuwa, da irin abin da mutane ke yi musu. Shi take so ta ci gaba da karantawa a jami'a. Ana tsakiyar shekara malamin da ke koya musu ya samu wani aiki ya tafi, makaranta ta ce iyaye su nema wa 'ya'yansu mai lesin.

Uban ya zo hutun ƙarshen mako, ya zauna a bakin tabarmata yana ta murza hula a hannu.

"Inna, na yi magana da wata makaranta a can. In hutun nan ya ƙare zan tafi da ita."

"Ka tafi da wa?"

"Karatu ne, Inna. Darasin nan ba kowa ya iya shi ba. Na tambayi abokai, na duba a waya, babu."

"Wayar ce ta san mutanen Kaduna ko ni?"

Ya sunkuyar da kai yana dariya. "To, in kin samo wanda ya iya kafin a koma makaranta, na bar miki ita. Amma fa sai na gani da idona."

Yarinyar tana bayan labule, ta ji komai. Ranar ko tuwo ba ta taɓa ba. Karatun tana so, tafiyar ba ta so, ni kuwa ban ga yadda zan wayi gari a ɗakin nan ni kaɗai ba.

Sai na ba da cigiya, yadda muka saba. Na gaya wa mai kitso, na gaya wa mai markaɗe, na faɗa a gidan suna. Har gidan gaisuwa, bayan an shafa fatiha, na ɗan raɗa wa ta kusa da ni. Babbar madogarata kuwa ita ce aminiyata dillaliya, wadda ke shiga gidaje da atamfa da turare tun daga Doka har Rigasa, ba labarin da ke wuce ta.

Na farko da aka turo mini wani dattijo ne, tsohon duba-gari. Ina ganinsa na gane shi. A zamaninmu in aka ce ga su nan sun shigo layi, sai ka ga mata na ta guje-guje, ana wanke randa, ana share lambatu, don in suka leƙa suka ga tsutsa a ruwan sha an shiga uku. Aka kawo masa littafin. Ya sa tabarau, ya juya shafi, ya ga zane-zane da lissafi, ya rufe.

"Hajiya, ni randa na sani da masai. Wannan sai 'yan yanzu."

Bai tashi ba sai bayan la'asar. Muka yi ta tuna yadda unguwar nan take lokacin da aka kawo ni amarya: mangwaro ko'ina, yara na tsinta har su gaji su bar wa awaki, ga ɗan rafin da muke wanki a bayan gidaje, ruwa garau kana hango yashi. Yanzu gini ya hau kansa, abin da ya rage leda ta cike shi. Na sallame shi da goro, muka rabu da mutunci.

Bayansa wani saurayi ya zo da jaka a baya, ya ce babu darasin da ba ya koyarwa. Jikata ta yi masa tambaya ɗaya a kan iskar da ke ɗumama duniya, sai na ga ya zaro waya yana latsawa. Na ce a ba shi ruwa ya sha, Allah ya ba da sa'a a gaba.

Hutu yana ta gudu. Rannan dillaliya ta shigo, ta sauke ƙunshinta, ta ce, "Na samo miki, amma ki cire rai."

"Kamar yaya in cire rai?"

"Wata ce a Rigasa, bayan tashar jirgin ƙasa. Abin nan shi ta karanto a jami'a a Zariya, shi take koyarwa. Sai dai ɗanyen jego take yi, haihuwar fari, shekaranjiya aka yi suna."

Gaskiyarta. Ba a aika wa mai jego da maganar aiki, duk wanda ya yi an san ba shi da tarbiyya. Amma barka fa? Ƙofar barka a buɗe take, ko ba a san ki ba ba mai tambayar wa ya gayyace ki. Na daka yajin jego, na sayi sabulu da 'yar rigar jarirai, washegari muka hau keke mai ƙafa uku ni da dillaliya.

Ina shiga ɗakin na manta abin da ya kawo ni. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai autata ba, tana zaune bakin gado fuska duk ta faɗa, jariri na ta tsala kuka. Na duba tsakar gida, ban ga garwar ruwan zafi ba, ban ga ganye ba, ko ƙamshin kunu babu.

"'Yar nan, wa ke yi miki wanka?"

"Ni nake ɗan yi da kaina, Mama. Maƙwabciyata na leƙowa in ta samu sarari."

Ashe uwarta ta rasu tun tana makaranta. Dangin mijin suna can ƙasar Katsina, sun zo suna sun koma. Mijin kuwa tun safe yake fita shago.

Matan da na yi wa wankan jego a rayuwata ban san iyakarsu ba. Na karɓi yaron, na duba cibiya, na gasa masa ita, na gyara masa kwanciya a kafaɗata, ya yi shiru. Washegari na dawo da garwa da itace da ganyen dogon yaro. Na yi mata wanka irin na gaske, na dama mata kunun kanwa, na sa ta kwanta. Haka na yi ta zuwa, ban ce mata uffan a kan karatu ba, don ba a haɗa wannan da wancan. A gida kuwa jikata kullum sai ta tare ni a ƙofa: "Tsohuwa, kin yi maganar?" In ce mata ta ba ni wuri in huta.

Ita Malamar ce ta fara tayar da zancen. Tana shan kunu ta ɗago ta dube ni.

"Mama, an ce kina da jika."

"Wa ya ce?"

"Mai atamfa. Ta ce ba barka kaɗai ta kawo ki ba."

"Wannan mata bakinta ba ya riƙe komai. Ki sha kununki, in kin yi arba'in ma yi magana."

"Kafin nan an koma makaranta, an tafi da ita. Ki zo da ita gobe. Sai dai hannuna ɗaya na yaron nan ne."

"Yaro nawa ne. Ke ki ji da littafi."

To haka muka kafa makarantarmu. Da safe mu hau keke ni da jikata, mu ratsa gari har Rigasa. In yi wa Malama wanka, in yi wa yaro, in goya shi in fito tsakar gida. Su kuma su baje littattafai a kan gado. Ina jijjiga ina jin su: ruwan sama da inda yake bi, gubar da ke shiga rijiya, hamadar da ke matsowa daga arewa. Wani abin na gane, wani ya wuce ni. Abin da na lura da shi, in yarinyar ta ba da amsa Malama ba ta cewa daidai ko ba daidai ba, sai ta ce, "Me ya sa?" Har sai ta ga gumi ya karyo mata.

Faɗanmu ɗaya da Malama, a kan itace. Rannan ta leƙo ina hura wuta, hayaƙi ya turnuƙe gidan. Ta sa jikata ta ɗauko farin faranti ta riƙe a saman hayaƙin, jim kaɗan ya yi baƙi ƙirin.

"Kin gani? Wannan shi ke shiga ƙirjin kakarki, da na yaron da ke bayanta. Ki rubuta."

Jikata ta ƙyalƙyale da dariya. "Tsohuwa, yau ke ce darasin."

"Ke tafi can, mara kunya. Da hayaƙin nan aka dafa tuwon da ya raini ubanki."

Malama ta ce ga gas nan a kicin, a riƙa dafa ruwan da shi. Ta ƙara da cewa likita ya ce a rage zafin ruwan, kanwar ma a rage. Na yi fushi na yini guda. Amma yaron da ta ambata ya tsaya mini, don na ji shi yana ɗan tari a bayana. Na koma gas, na rage zafi, ganyena kuwa ko ɗaya ban rage ba. Har yau ban yarda ruwan gas yana ratsa jiki kamar na itace ba, kuma na gaya mata.

Ana saura kaɗan a koma makaranta uban jikata ya sauka a jirgin ƙasa. Da yake tashar na kusa da gidan Malama, ko gida bai je ba, ya biyo kwatance da jakarsa a hannu. Namiji baƙo ba ya shiga wurin mai jego, don haka mijin Malama ya dawo daga shago ya shimfiɗa masa tabarma a soro. Malama ta sa hijabi ta tsaya daga bayan ƙofa, suka gaisa. Ni ina gefe da yaro a baya.

Shi ɗin ma ba karatun ya sani ba, aikin ofis ya iya. Ya duba waje, ya ga wani kwatami da ruwa ya kwanta a ciki a bakin layin, ya nuna wa 'yarsa.

"To, malama ƙarama, gaya mini abin da littafinki ya ce a kan wancan."

Yarinyar ta gyara tsayuwa ta fara. Ta faɗi abin da ya hana ruwan wucewa, da yadda yake tsatsa cikin ƙasa ya tarar da rijiyoyin layin, da inda sauran yake gangarawa har kogi in damina ta yi ƙarfi, da cutar da ke biyo baya. Wani wurin ta juya Turanci, ta dawo Hausa. Uban ya jefa mata wata tambayar, ta amsa, ta kuma ce masa tambayar tasa ma da gyara. Mijin Malama ya kau da kai yana murmushi.

Ɗana ya juyo ya dubi ƙafafuna.

"Inna, da gwiwar nan taki kike zuwa nan kullum?"

"Gwiwata ta kawo maka ƙara ne?"

"A'a. To amma in Malama ta gama jego ta koma aiki fa? Jarrabawar da sauran watanni."

Sai muryar Malama ta fito daga bayan ƙofa.

"Alhaji, ko na koma aiki, Asabar da Lahadi nata ne har ta rubuta jarrabawa. In Mama ta gaji da hanya, ni zan goyo yaron in zo Unguwar Dosa. Ai yanzu can ne gidanmu."

Ɗana ya sa hularsa, ya miƙe, ya yi wa maigidan godiya. A bakin ƙofa ya ce da 'yarsa, "Ki riƙa yi wa kakarki tausa in kun koma." Ranar Lahadi ya hau jirginsa shi kaɗai.

Shekarar nan ta ƙarshe na same ta cif. Muka yi azumi tare, muka yi salla tare, ta yi ta karatu a bakin gadona tana hana ni ƙona shara a bayan gida. Ta ci jarrabawarta, aka ba ta gurbi a Zariya. Wannan tafiyar ba wanda ya ƙwace mini ita, ni da hannuna na ɗaure mata kuka da daddawa da yaji, na raka ta tashar mota, na ja wa direba kunne kada ya yi gudu. Ban yi kuka a gaban mutane ba. Da na dawo na tarar ta bar tsofaffin silifas ɗinta a ƙofar ɗaki, na ture su gefe don kada ruwan alwala ya jiƙa su.