Buhu Biyar Ɗin Matar Yaya Sale

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sale, Allah Ya jiƙansa. Bana takaici ne ya tuna mini da shi, ba kewa kaɗai ba.

Tare muka yi aiki a ofishin da ke tattara bayanan amfanin gona a fadamar Haɗeja. Manominmu ba ya faɗin yawan buhun shinkafar da ya samu, tsoron baki yake. Shi ya sa aka kasa takardar tambaya rukuni-rukuni: sifiri zuwa buhu goma, goma zuwa ashirin, har sama, shi dai ya nuna inda ya faɗa. A ofis kwamfuta ta haɗa ƙasan rukuni da samansa ta raba biyu. Mai goma zuwa ashirin ya zama mai sha biyar, mai sifiri zuwa goma ya zama mai biyar.

Yaya Sale bai taɓa yarda da biyar ɗin nan a shekarar ambaliya ba. Babur yake hawa, ya bi ƙauyukan Miga yana tambaya, "Baba, kaɗan ka samu, ko ko ba ka samu komai ba?" Waɗanda ruwa ya share sai ya ware musu layinsu, ya rubuta sifiri. Mun sha yi masa dariya, har da ni, wai yana ƙona mai a banza.

Bayan rasuwarsa aka goge layin, wai yana dagula tsari. Ina zaune a wurin, ban ce uffan ba, kuma har yau ina ƙyamar shirun da na yi.

Bana kogi ya cinye gonaki. Aka ce za a raba irin noman rani ga waɗanda suka tashi a tutar babu. Kwamfuta ta duba, babu mai sifiri ko ɗaya, duk wanda ruwa ya share na da biyar. Na sami shugabanmu, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Malam Ado, tsakiyar sifiri da goma biyar ce. Lissafin za ka canza?" Da Yaya ne, ba zai tsaya musu ba, mabuɗin babur zai ɗauka.

Cikin waɗanda aka tsallake har da Hajara, matarsa, wadda ke noma gonarsa tana ciyar da marayunsa. Na je na yi mata bayani, kunya kamar in nutse. Ta saurara har na gama, ta ce, "To Ado, ka ce su kawo mini biyu in shuka, na bar musu ukun."

Babur ɗinsa yana nan a zaurenta, an rufe shi da tsohon buhu. Na ce ta ba ni mabuɗin.