Ranar da Motar Yaya ta Danne Ni

Jiya na ji warin walda, sai na tuna yayana. Dokarsa uku ce: ka ƙwanƙwasa ƙarfe, ka yanke ruɓaɓɓe, sannan ka liƙa.

Shekarar samun 'yancin kai, muna gyaran tsohuwar motarsa a Rano, na tsallake doka ta farko. Na kafa jak inda tsatsa ta cinye, na shiga ƙarƙashi. Ƙarfen ya burme, motar ta danne mini ƙirji, garin tsatsa na zuba a bakina.

Na ce, "Yaya, ɗaga ta."

Ya ce, "Kai, yi shiru. In na yi gaggawa, sai ta ƙarasa ka."

Ina kwance ina jin gudumarsa, wuri bayan wuri, har ya sami ƙarfe mai ƙwari, ya kafa jak a nan, ya ɗaga motar.

Allah ya yalwata kabarinsa, kada ƙasa ta matse shi.