Tsohon da ya ɗauke mini makulli a ramin rairai

Jama'a, wannan ba ji na yi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Lokacin ina tuƙa kamiyo, wato babbar motar kaya, ta wani Alhaji a Yamai, ina ɗebo rairai daga wani rami can bayan Tondibia ina kai wa masu gini a Banifandou.

Wanda bai san ramin ba, gaɓa ce doguwa, ta fi soro biyu tsawo. Samanta jar ƙasa ce mai tauri, ƙarƙashinta farin rairai mai laushi, shi muke so. Sai masu felu, wato shebur, su yi ta rarake ƙasan har saman ya leƙo kamar rumfa, kuma inuwar nan ita ce wurin hutunmu. Kowa ya san in an yi ruwa rairan nan yakan jiƙe ya kasa ɗaukar abin da ke kansa, amma wa zai bar inuwa a zafin ranar Yamai?

Ran nan kwana biyu da ruwan sama, masu lodi sun tafi cin abinci, ni kuwa na kafa mota daidai bakin farin rairai, wurin da direbobi ke faɗa a kansa, na shimfiɗa kwali a inuwa na kishingiɗa. Sai ga wani tsoho, ban ji zuwansa ba, riƙe da sandar ƙarfe, yana soka ta jikin gaɓa yana zarewa yana murza ƙasar da yatsu, can kuma ya manna kunne kamar mai sauraron maƙwabta.

Ya gaishe ni da Zabarmanci, ya ce, "Fofo, direba. Janye motarka. Sama ya yi nauyi, ƙasa ya sha ruwa."

Ni fa tun asali ba na yarda da nasihar da ban roƙa ba. Raina ya ba ni wani direba ne ya turo shi don in tashi a maye wurina. Na ce, "Baba, wa ya aiko ka? Ka ce masa ya yi sammako gobe."

Ya ce, "Ba ka ji gaɓar ta yi nishi ba?"

Gaskiya na ji wani ɗan dum a ƙarƙashina, har rairai ya ɗan zubo mini a wuya, amma taurin kai ya hana ni motsi. Sai ya sa hannu ta tagar mota ya zare makullina, ina gani da idona, ya yi gaba. Kai! Na tashi ba takalmi ina "Ɓarawo! Ɓarawo!", tsoho yana tafiya a hankali amma na kasa cim masa.

Ban yi taku hamsin ba na ji ƙasa ta girgiza. Innalillahi! Ina waiwayawa, babu inuwa, babu kwali, babu kamiyo, gaɓa ta zauna a kansu. Na juyo, babu tsoho, kuma fili ne fetal, ko bishiyar ɓuya babu.

Masu lodi suka zo a guje, na tambaye su, kowa ya ce bai san mai sandar ƙarfe ba. Alhaji ma kallon maƙaryaci ya yi mini, ya ce tsoro ne ya kore ni na yar da makulli. Kwana biyu ana tono kafin a kai ga motar. Da aka ɓalle ƙofa, makullin yana nan a wurin tada motar, da ɗan jan zaren da na ɗaura masa.

Har yau ban san ko ceto na ya zo yi ba, ko kuwa shi da sandarsa suka taɓo gaɓar. Na so in gode masa, zuciyata ta ƙi sakewa. Abin da zan ce muku, in an yi ruwa kada ku zauna inuwar gaɓa, ko wa ya ce ku tashi, ku tashi, ku yi zarginsa daga nesa. Ni dai har yanzu in rairai ya zubo mini a wuya, sai na shafa aljihu in ji ko makullina na nan.