Tikitin da Ya Hana Yayata Gudu

Abubuwa da yawa sun wuce ta kaina a birnin New York, wasu na manta da su tun kafin mako ya zagayo, amma tafiyar da yayata ta yi Faransa da tikitin jirgin ƙasa, ita kam ko na tsufa ina dogara sanda ba za ta fita daga raina ba.

Mu 'yan Maraɗi ne. Yaya ta yi aure a Faransa tun ina budurwa, ta haifi 'ya mace guda, har ta samu fasfo ɗin ƙasar. Da auren ya mutu sai na ce ta taho wurina Mount Hope, unguwarmu a yankin Bronx na New York, mu riƙe shagon kitsona tare. 'Yarta a lokacin tana sakandare, ta ce ba inda za ta, ta zauna wurin ubanta a Lyon. Tun daga nan ta daina ɗaukar wayar uwarta. Saƙo ɗaya ta taɓa aikowa, cewa ai Mama ta zaɓi Amurka, sai ta riƙe Amurkarta. Shekaru suka yi ta tafiya a haka, Yaya tana kitsa kan 'ya'yan mutane tana haɗiye abin da ke cinta.

Wata rana da hantsi, shago ba kowa, ta ce min za ta je Turai. Na yi murna har da guɗa. Sai ta fara lissafo min tsarin tafiyar: za ta sauka Beljiyam wurin ƙanwar babanmu, daga nan ta shiga Faransa, ta gaida tsohuwar maƙwabciyarta a Lille, ta yi wa wata ta'aziyya a Paris, ta gangara Marseille ganin jaririn wata ƙawarta. Na ce to Lyon fa? Ta ce, tana gyara mataji, "In lokaci ya rage sai in leƙa."

Wallahi raina ya ɓaci. Ni ba na iya ɓoye fushi, kowa a layinmu ya san haka. Na ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah. Jaririn wata ya samu rana guda, 'yar cikinki kuma sai in lokaci ya rage?" Ta ci gaba da gyara matajinta. Yanzu da nake tunawa na gane tsoro ne fal cikinta, amma a ranar gani nake taurin kai ne kawai.

Akwai wani tikiti da ake saya sau ɗaya a yi ta hawa jiragen ƙasa a ƙasashen Turai da shi. Ni na saya mata ta waya. Da aka zo wurin tambayar ƙasar da mutum ke zaune, ban ko ɗago kai ba zan danna Amurka, sai ta riƙe min hannu. Ta ce, "Sa Faransa." Na ce wace Faransa, ke da kike biyan haya a Bronx? Ta ce, "Na ce ki sa Faransa." Tun da tana da fasfo ɗinsu, aka karɓa.

Sai bayan an gama na zauna ina karanta ƙa'idojin, na ci karo da abin da ya tsayar min da numfashi. Ashe wannan tikiti na yawon ƙasashen waje ne. A ƙasar da ka ce ita ce gidanka, tafiya biyu kacal aka yarda ka yi da shi: ta fita daga ƙasar, da ta shiga cikinta. Ba Lille yau, Paris gobe, Marseille jibi. Da Amurka muka sa, da ta zaga Faransa son ranta kamar kowace baƙuwa.

Na fassara mata, na ce maza mu nemi a canza. Ta juya tana kallon waje, motoci suna ta wucewa ta babban titin Grand Concourse. Sannan ta ce, "Yarinyar nan ta ce na zaɓi Amurka. Kina so in je mata da shaida a hannu?" Sai tausayinta ya kama ni.

Na ce to shiga ɗaya gare ki, ina za ki nufa da ita? Ta ce, a hankali kamar mai jin kunya, "Lyon."

Ta tafi. Ranar da ta isa Lyon ina tsaka da yi wa wata 'yar Ghana kitso waya ta shigo. Yaya ce. Ta ce yarinyar, wadda yanzu ke zaune ita kaɗai, ta buɗe mata ƙofa, ta nuna mata kujera, ta kawo ruwa kamar yadda ake yi wa mai gyaran famfo, sannan ta shige ɗaki ta rufe. "Ƙanwata, ba zan iya ba. Gobe da safe zan wuce Marseille."

Na maƙale wayar a kafaɗa, hannuna cikin gashin mutane, na ce, "Da wane tikiti? Tafiya ɗaya ta rage miki, ta fita daga ƙasar gaba ɗaya. In kin hau jirgi gobe, kin bar Faransa ke nan." Gaskiya ita da ni duk mun san tana iya zuwa tasha ta yanki tikitin Marseille na daban, ba wanda zai hana ta. Ban faɗa ba, ita ma ba ta faɗa ba. Ta ja numfashi ta ce, "Haka ne fa. Doka ce."

Ta zauna a Lyon. Kullum sai ta kira ni ta ba ni rahoto, ni kuma ina zuga ta. Yau ta share kicin. Yau ta dafa shinkafa da wake, yarinyar ta ce ta ƙoshi, amma da safe tukunyar ta ragu. Yau sun yi faɗa sosai, da Faransanci, har maƙwabci ya buga bango. Na ce alhamdu lillahi, wanda ya yi faɗa da kai ai ya fara magana da kai. Sai kuma kiran ya tsaya cak. Hankalina ya tashi, na ce shi ke nan, ta gudu tana jin nauyin gaya min.

Da na kasa haƙuri na kira ta, ina cikin jirgin ƙasa na cikin gari, layin D, zan tafi sayen gashi. Wata murya ce ta ɗauka, ba ta Yaya ba, da Hausa mai ɗingishi. "Tanti? Mamana tana barci a gadona. Kar ki tashe ta, mun daɗe muna hira." Mamana. Na fashe da kuka a gaban mutane, ko a jikina, wata tsohuwa har ta miƙo min tishu.

Yaya ba ta ga Lille ba, ba ta ga Marseille ba, ta'aziyyar Paris ma ta waya ta yi. Abin da na koya shi ne, in tsakaninka da naka ya lalace, leƙe da gaisuwar tsaye ba sa gyarawa. Sai ka shiga ka zauna, ka toshe wa kanka hanyar gudu, ka jure kallon banza da rufe ƙofa har ranar da za a sake kiranka da sunan da aka daina kiranka da shi.